Tsattsewar da ta isa Ingila a watan Afrilu, ita ce ta zauren gidanmu?

"Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Ɗana yana karatu a Ingila, ya kama haya a gidan wani manomi a bayan gari. Cikin watan Afrilu ya turo mini bidiyo, tsattsewa ta dawo ɗakin shanun mai gidan, uwargidan tana ta murna har da rubuta ranar a kalanda, wai daga Afirka ta dawo. To mu ma a daidai wannan lokaci ne shamuwa ke sauka a tsamiyar ƙofar gidanmu, tsattsewa kuma ta kama gini a zaure. Shin tsuntsayen nan ɗaya ne? Da gaske abin da bai cika tafin hannu ba zai keta Sahara? Wa ke nuna musu hanya? Kuma me ya sa suka ragu, don muna yara sheƙar shamuwa ta fi ashirin a garinmu, bana huɗu na ƙirga?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya yi wa yaro albarka, ya dawo da shi lafiya. Tambaya huɗu ka ɗaure a dami ɗaya: ko tsuntsayen ɗaya ne, ko jikinsu zai ɗauki tafiyar, yadda suke gane hanya, da dalilin raguwarsu. Ta farkon ita ke buɗe sauran, da ita zan fara.

Matar nan gaskiya ta faɗa, tsattsewarta daga Afirka ta koma. Sai dai ba ita ce ta zaurenka ba. Tsattsewar Turai ba ta gini a ƙasarmu, ba ta saka ƙwai. 'Yar ci-rani ce: ta zo ta ci ƙwari, ta sake gashi, ta yi ƙiba, ta koma gida ta hayayyafa. Shamuwa kuwa tamu ce, a irin tsamiyarka aka ƙyanƙyashe ta. Ita ma tana ci-rani, amma kudu take yi, ba ruwanta da Turai. Abin da ya rikita lissafin shi ne lokacin ya zo ɗaya. Tsakanin Maris da Mayu ayari biyu ne a sararin samanmu, kowanne ya sa gaba arewa. Na farko zango ya yada a wurinmu, Sahara na gabansa. Na biyu kuwa ya iso gida. Kalmar ma ta ƙara ruɗani, domin lokacin nan nasu na narkewar sanyi da tohon itatuwa "bazara" ake fassara shi a rediyo, alhali tamu bazarar zafi ce da gumi da hadarin da kan taso ya watse.

Suna ɗaya, tsuntsaye da yawa

Bahaushe bai wahalar da kansa ba, duk ƙaramin tsuntsu mai dogon fiffike da ke shawagi yana cafke ƙwari a iska tsattsewa ce. A wurin masu nazari kuwa gida biyu ne, kuma ko dangantaka ta kusa ba su da ita. Gwajin mai sauƙi ne: dubi wayar lantarki. Wadda ka ga ta sauka ta zauna a kan waya, 'yar gidan su ta bidiyon ɗanka ce. Ɗaya gidan ƙafafunsu guntaye ne ƙwarai, ba sa iya zama a kan waya ko reshe, sai dai su maƙale a bango. Cikinsu akwai baƙar nan mai farin tabo a gindin wutsiya, wadda ke yin gari guda a ƙarƙashin gada ko rufin masallaci, tana manne gashi da ciyawa da yawunta, tana ta ƙara da magariba. Akwai kuma siririya mai launin toka da ba ta rabo da giginya, wadda ke liƙa sheƙarta a jikin ganye, ta kuma liƙa ƙwan a jikin sheƙar da yawu don kada iska ta zubar.

Mai gini da laka a zaure, wadda sheƙarta ke kama da rabin ƙoƙo a manne da azara, mafi yawanci ita ce wadda littattafai ke kira tsattsewar Habasha, ko da yake ta cika Kano da Zariya da Maiduguri. Zato nake yi, tunda ban ga taka ba, kuma akwai wasu masu gini da laka, kamar mai yi wa sheƙarta dogon wuya irin na gora. Amma ga yadda za ka raba gardama da idonka. Ka tsaya da hantsi ka dubi wuyanta. Ta Turai maƙogwaronta ja ne mai duhu kamar ƙonannen bulo, sannan baƙar ɗamara ta ratsa ƙirjinta ba yankewa, wutsiyarta kuma ta rabu biyu dogaye kamar almakashi. Tamu goshinta ne kawai ja, maƙogwaronta fari-fari, ɗamarar ta yanke a tsakiya, wutsiyar ba ta kai waccan tsawo ba. Idan ma wannan ya yi wuya, duk wadda ka ga ta ɗauko laka a baki a ƙasar Hausa, 'yar gida ce.

Yadda aka san inda suke zuwa

Kada ka ga laifin kanka don ka yi shakka, Malam. Turawan ma sun daɗe suna lalube. Tun zamanin Aristotil, masanin tsohuwar Girka, ake cewa tsattsewa ɓuya take yi ta yi barci har sanyi ya wuce, kuma har cikin ƙarni na 18 akwai manyan masana da suka yarda cewa cikin taɓon tafki take nutsewa. Dalilinsu shi ne sukan ga tsuntsayen sun taru a ciyayin bakin ruwa da yamma a ƙarshen damunarsu, wata rana a wayi gari babu ko ɗaya. A 1822 aka harbo wata farar shamuwar Turai, wadda muke kira galantoyi, kusa da wani gari mai suna Klütz a arewacin Jamus, da guntun mashi na tsakiyar Afirka cake a wuyanta. Wani maharbi ya jefe ta a nan, ba ta mutu ba, ta yi dubban kilomita da mashin. Har yau gawarta na ajiye a Jami'ar Rostock.

Daga baya wani malamin makaranta a Denmak, Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa a 1899. Da wannan dabara aka kama bakin zaren tsattsewar Ingila: wadda aka sanya wa zobe a yankin Staffordshire a watan Mayun 1911, aka same ta a Natal, Afirka ta Kudu, a watan Disambar 1912. Tafiyar ta haura kilomita 9,000. Wato ta gidan da ɗanka yake, mai yiwuwa ma ba a Nijeriya ta ci rani ba, ratsawa kawai ta yi ta samanmu sau biyu, cikin Satumba ko Oktoba tana nufar kudu, cikin Maris ko Afrilu tana nufar arewa. Wasu kuma a kudancin ƙasar nan suke tsayawa. A Boje da ke ƙaramar hukumar Boki a Jihar Kuros Riba akwai wani gangaren dutse mai dogayen ciyayi inda tsattsewa fiye da miliyan ɗaya ke kwana, an kuma samu zobba na ƙasashen Turai da dama a ƙafafunsu.

Ni kaina a dausayin Haɗeja da Nguru na fara wannan aiki, muna ƙidayar tsuntsayen ruwa ta watan Janairu. Wata rana wani dattijo masunci ya ga muna ta leƙe da madubin hangen nesa, ya tambayi abin da muke nema, ya shiga bukka ya fito da wani tsohon gwangwanin madara. A ciki, tare da ƙugiyoyi da allura, akwai wani ɗan zobe da ya ce ya cire daga ƙafar wata ƙaramar agwagwar ruwa da ta faɗa komarsa shekarun baya. Ya ajiye ne yana tsammanin azurfa ce. Na goge shi da bakin riga, sai ga lamba da sunan birnin Mosko. Da na gaya masa nisan wurin, shiru ya yi, can ya ce, "Ashe baƙuwa na ci ban sani ba."

Jikin da ke yin tafiyar

Tsattsewar Turai nauyinta giram 20 ne ko ƙasa da haka, kwatankwacin dunƙulen Maggi biyar. Idan ka kama ta a raga ka riƙe, wuyanta tsakanin yatsu biyu, abin da za ka fara ji shi ne bugun zuciyarta a tafin hannunka, da sauri har ba ya ƙirguwa. Sai mu hura gashin cikinta ya dare, mu dubi fatar. Fatar tsuntsu shara-shara ce, kitse kan bayyana a ƙarƙashinta rawaya kamar man shanu. Wanda ya shirya tafiya, kitsen ya cika ramin da ke ƙasan wuyansa ya malalo ciki. Wannan shi ne guzurin. Kitse ya ninka sitaci ƙarfi fiye da sau biyu, kuma idan jiki ya ƙona shi yakan fitar da ruwa, don haka abinci ne da sha a ƙunshi ɗaya. Akwai ƙananan tsuntsaye masu ci-rani a nan da kan kusan ninka nauyinsu kafin su tashi. A shekarun 1960 masu bincike sun auna haka a Malam Fatori, bakin Tafkin Cadi, inda suka ga tsuntsayen na cika cikinsu da 'ya'yan itacen asuwaki da ƙananan ƙwarin tafki kafin su fuskanci rairayi.

Faɗin Sahara daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000. Yawancin ƙananan tsuntsaye da dare suke tafiya, rana ta yi su sauka su laɓe a inuwar dutse ko gindin ƙaya, ba ci ba sha, su jira duhu. Tsattsewa ta bambanta, da rana take tafiya, ƙasa-ƙasa, tana ci tana tafe, takan yi kamar kilomita 300 a wuni. Wannan ɗabi'a gata ce inda akwai ƙwari, amma a tsakiyar hamada babu abin cafka, kuma ba ta tara kitse kamar masu tafiyar dare ba. Guguwar rairayi ko iska mai tunkaro ta kan kashe su da yawa. Sanyi ma haka. A watan Oktoban 1974 sanyi ya sauka da wuri a Jamus da Suwizalan, ƙwari suka ɓace, tsattsewa ta riƙa faɗowa. Mutane suka riƙa tsince su a kwali, aka yi jigilar dubban ɗaruruwa a jiragen sama da na ƙasa zuwa kudancin tsaunukan Alps aka sake su.

Galantoyi kuwa ba ta iya dogon kaɗa fiffike. Tana jiran rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta taso, ta hau ta tana kewayawa kamar yadda shirwa da ungulu ke yi, sannan ta zamo gaba. Irin wannan iska ba ta tasowa a kan teku, shi ya sa suke cunkoso a inda ruwan ya tsuke: mashigar Jibraltar mai faɗin kilomita 14 tsakanin Sifaniya da Maroko, da mashigar Istanbul. Abin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne wata baƙar tsattsewar Turai, ta gidan marasa zama a waya. Masu bincike na Jami'ar Lund a Suwidin sun nuna a 2016 cewa takan yi wata goma a sama ba ta sauka ba, a can take ci, a can take sha. Duk sanda na tuna wannan sai ayar Suratun Nahli ta faɗo mini, wadda ke cewa babu mai riƙe tsuntsaye a sararin sama sai Allah.

Za ka iya tambaya, tunda akwai ƙwari a nan, me ya kai ta wannan wahala? Tsawon wuni ne da yawan abinci. A Landan wunin watan Yuni ya haura awa 16, ƙwari kuma sukan fashe gaba ɗaya bayan sanyi, masu cin su ba su da yawa. Uwa da uba za su yi ta safarar abinci tun asuba har ƙarfe tara na dare, su yaye 'ya'ya huɗu ko biyar, su sake wani zubin kafin Satumba. A Kano bambancin wuni mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba, ga kuma 'yan gida da suka riga suka kama wuri. Da sanyi ya kawo kai can, ƙwarin sama sun ƙare, zama ya zama mutuwa. Wani lissafi da aka buga a 2009 ya ƙiyasta ƙananan tsuntsaye biliyan 2.1 ne ke barin Turai zuwa kudu da Sahara kowace shekara.

Wa ke nuna hanya

Ba jagora ɗaya suke bi ba. An gwada tsuntsaye a keji aka karkatar musu da hasken rana da madubi, suka karkata, aka gane suna lissafi da rana tare da agogon da ke jikinsu. An sa wasu a ɗakin da ake haska taurari a rufinsa, aka ga ɗan tsuntsu tun yana ƙarami yake lura da wurin da taurari ke kewayawa ya riƙe shi a matsayin arewa. An kuma tabbatar suna jin maganaɗisun ƙasa, wanda ke juya allurar kamfas ɗin da ake duba alƙibla da shi. Ko lokacin tashi ma a jikinsu yake. Tsuntsun da aka tsare a ɗakin da haske da zafi ba sa canzawa, idan watan ƙaura ya kama sai ya hau ƙiba, ya hana kansa barci yana tsalle ta fuskar da ya kamata ya nufa.

Gwajin da na fi so shi ne na wani ɗan Holan mai suna Perdeck, wanda aka buga a 1958. Ya kama tsuntsaye fiye da 11,000 suna tsakar ƙaura a Holan, ya sa musu zobe, aka kai su Suwizalan a jirgi aka sake. Manyan, waɗanda suka taɓa tafiyar, suka gane an kauce da su, suka gyara hanya suka nufi inda suka saba a arewacin Faransa da Ingila. 'Yan shekarar kuwa suka miƙe ta fuskar da suke bi tun farko, suka ɓulla kudancin Faransa da Sifaniya. Ma'ana, fuskar da za a nufa gado ce, sanin gari kuma sai an je. Shi ya sa tsattsewar da ta taɓa haihuwa a wani ɗakin shanu takan koma wannan ɗakin, wani lokaci wannan azarar, ta yi wa tsohuwar sheƙa kwaskwarima. Namiji ke fara isa. Don haka murnar matar nan tana da tushe, mai yiwuwa tsuntsun bara ne ya dawo mata. Sai dai ba sa daɗewa a duniya, yawancin 'ya'yan ba sa ganin shekara ta biyu, manyan ma shekara biyu zuwa huɗu ne abin da aka saba.

Shamuwa

Yanzu mu dawo tsamiyarka. A littattafan kimiyya sunan wani gwamnan Turkawa da ya yi mulki a arewacin Sudan, Abdim, aka liƙa wa shamuwa tun 1823, abin da kan ba ni dariya, tsuntsuwar da kowane yaro a Gumel ya san sunanta. Ita ce mafi ƙanƙanta a danginta, nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya. Idan ka lura da ita a lokacin gini za ka ga fatar fuskarta ta yi shuɗi, da ɗan ja a gaban ido, gwiwoyi da yatsu jajaye. Tana haihuwa a wannan zirin na Sahel tun daga Sanagal har Bahar Maliya. Damina na ƙarewa sai ta tattara ta yi gabas da kudu. An ɗaura wa wasu na'urar tauraron ɗan'adam a ƙauyukan Nijar, aka bi sawunsu har Tanzaniya. Ana ganin garkensu a Zambiya da Zimbabuwe da Botsuwana da Afirka ta Kudu daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ake damina a can. Wato shamuwa ba ta san rani ba, damina biyu take ci a shekara.

Ba ita ke kawo ruwa ba, bin sa take yi, ta ɗan riga shi isowa. Akwai wani layi a sama inda busasshiyar iskar hunturu daga arewa maso gabas ke karo da iska mai laima daga teku. Daga Fabrairu layin nan ke hawa arewa sannu a hankali, ruwa na biye da shi. Inda aka yi ruwan farko, shinge ya fito, fara ta ƙyanƙyashe, tsutsa ta bayyana, kwaɗi suka farka. Shamuwa so take 'ya'yanta su buɗe baki a daidai tsakiyar wannan wadata, kuma gini da kwanci kan cinye mata fiye da wata ɗaya, don haka dole ta zo da wuri. Abin da kakanninmu suka lura da shi daidai ne, saukarta alama ce cewa iska ta juya. Amma ban ba ka shawarar ka fitar da iri don ka ga shamuwa ba. Na sha ganin ta sauka a yi mako uku ko huɗu ba ɗigo, ko a yi ruwa ɗaya ya ɗauke, wanda ya yi gaggawa ya yi asarar iri. Alamar kusantowar damina ce, ba ta faɗin ranar shuka. Ka haɗa ta da hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, da kuma laimar da hannunka ya ji a ƙasa.

Wani abin lura shi ne ba ta cika gini a daji ba, cikin gari take so, a bishiyar ƙofar gida ko ta kasuwa, wani lokaci a kan rufin ɗaki ko rumbu. Mutane garkuwa ne a gare ta, domin al'ada ta hana a taɓa ta. Tana kuma biyan kuɗin haya da farar da take tsincewa a gona. Ba ita kaɗai ke wannan zirga-zirga ba. Shirwa, da balbela ci da motsin wani, da cilakowa, duk sukan matsa arewa da damina su koma kudu da rani, kamar makiyaya.

Raguwar

Daga ashirin zuwa huɗu ba ƙaramin abu ba ne, amma daga nan inda nake ba zan iya rantsewa kan dalilin garinku ba. Ƙauye ɗaya kan rasa shamuwa, na gaba da shi ya samu ƙari. Tambayar farko da nake yi wa mutanen gari ita ce: bishiyoyin da sheƙun nan ashirin suke a kai, nawa ne ke tsaye yau? Sau da yawa amsar a nan take ƙarewa. An sare tsamiya don a faɗaɗa gida, kuka ta faɗi, an sassabe rassan da ke ɗaukar sheƙa don kashin tsuntsu na ɓata inuwar zama. Na biyu feshi. Maganin da ke kashe fara da tsutsa ya rage abincinta, wanda ta ci daga cikin waɗanda suka sha guba kuma yana taɓa ta. Feshin jan baki da ake yi da jirgi ba ya tantance tsuntsu. Na uku, kunyar da yara ke ji a da ta ragu, danƙo ba ya barin komai. Sannan rabin shekararta a wasu ƙasashe take yi, abin da ya same ta a can ba za ka gani daga Gumel ba.

Tsattsewar zaure kuma gini ne ya canza mata. Laka na kama azara da bangon ƙasa, amma ba ta kama siminti mai fenti da silin mai santsi. An sa raga a taga, an cike kududdufin da take ɗibar laka. Abin mamaki, kukan da manoman Ingila ke yi ke nan: an mai da tsofaffin ɗakunan shanu gidajen haya an toshe ƙofofinsu, kiwo ya koma manyan gonaki, ƙudan da ke bin kashin shanu ya ragu. Wani bincike da aka buga a Jamus a 2017 ya nuna ƙwari masu tashi sun ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a shekara 27, kuma a wuraren da aka keɓe don kare halittu aka auna.

Mu ma muna da hannu a abin da ke isa can. A 1969 masu ƙidaya a Ingila suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara ɗaya. Da aka bi diddigi sai aka tarar a ƙayoyin Sahel yake cin rani, kuma ruwa ya gaza a nan a 1968. Tsuntsun ya ba da labarin farin da ya zo ya yi mana ɓarna a 1973 kafin duniya ta farga. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsu da masunci da mai shinkafa duk suka ji a jika. Itace ma ba ɗaya ba ne a wurin tsuntsu. Gawo, da yake da rani yake ganye da fure, cike yake da ƙwari a daidai lokacin da baƙin nan ke neman ƙiba. Darbejiya da turare kuwa inuwa ce kawai, ƙwari ba sa son su, ko da yake na ga shamuwa ta yi sheƙa a kan darbejiya inda babu zaɓi.

Abin da ke hannunka ba shi da tsada. Tsamiyar nan a bar ta da manyan rassanta, in ana sassabe a bari sai bayan kaka. Idan kashin tsattsewa ya dame ku a zaure, a kafa ɗan katako kamar taki biyu ƙasa da sheƙar ya tare, a bar mata wata kafa ta shiga ko an rufe ƙofa. Inda ake zubar da ruwan alwala, a bar ɗan wuri ya yi laka, domin sheƙa ɗaya kan ci curin laka kusan dubu, kowanne a baki aka ɗauko shi. Yara kuma a ba su labarin da Abu Dawud ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya, ta zo tana shawagi a kansu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Tsuntsun ruwa da aka tsinta a mace kada a taɓa da hannu, kada a kawo shi kusa da kaji, saboda murar tsuntsaye. Wanda aka gani da zobe ko wata 'yar na'ura a baya ba ɗan leƙen asiri ba ne, ko da yake a 2013 an taɓa tsare wata galantoyi a ofishin 'yan sanda a Masar bisa wannan zargi. A ɗauki hoton lambar, a rubuta rana da wuri, a sake shi, a aika wa cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos.

Sai kuma abin da matar can take yi da kalandarta, wanda mu ba mu cika yi ba. Ka samu littafi ka rubuta ranar da shamuwar farko ta sauka, da ranar ruwan farko, da ranar da ka yi shuka. Cikin Yuli, sanda 'ya'yan suka girma suna tsayuwa a bakin sheƙa, ka zaga gari ka ƙirga sheƙun da ke da rai, da 'ya'ya nawa a kowacce, da irin bishiyar. Idan akwai jika mai waya, ya ɗauko mini hoton wuyan tsattsewar zauren daga gaba, in gaya maka ko wace ce.